Manomin Ɗakin Baƙi

A Nassarawa GRA mutum zai iya yin shekara da shekaru bai san sunan maƙwabcinsa ba. Katanga doguwa, a samanta waya mai ƙaya, ƙofa baƙa wuluk, gaisuwa kuwa da hon ake yin ta. Turawan da suka yanka wa kansu unguwar, can nesa da ganuwar birni da hayaniyarta, sun miƙa mulki tun 1960, amma sun bar mana manyan filaye, inuwar itatuwa, da ɗabi'ar kowa tasa ta fishshe shi. Sai dai kada wannan shirun ya ruɗi baƙo. Alhazai ne ba su san juna ba. Masu gadi, direbobi, 'yan aiki da masu wanki da guga suna da majalisarsu, kuma labarin da ya shiga wannan majalisa da hantsi, kafin la'asar ya zaga daga Lamido Crescent zuwa Alu Avenue, ya dawo da hula da babbar riga. Ta wannan hanya na zama babban manomin tabar wiwi na layinmu, ni da hayaƙin turaren wuta ma tari yake sa ni.

Likita ne ya fara ja mini. Ya duba takardar gwajin jini, ya duba tumbina, ya ce sukari ya fara leƙowa, in rage tuwo da shinkafa in ƙara ganye. Uwargida ta ɗauki maganar da muhimmancin da ba ta taɓa ba wata maganata ba. Aka koma zogale yau, rama gobe, lansir jibi. Wata Asabar ta dawo daga kasuwar Yankaba ta faɗi kuɗin da ta sayi rama, na ajiye jarida na kama salati.

"Rama? Ramar da a garinmu ake yi wa gona iyaka da ita? Wadda ake saɓe bawonta a tufka igiyar ɗaure akuya? Ita ce yanzu ta zama kayan gabas?"

"To ai sai ka shuka mana, Abban yara," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba, "tunda kai jikan manoma ne."

Gaskiya ne ni jikan manoma ne. Abin da ban faɗa ba, ita kuma ta sani sarai, shi ne rabona da fartanya tun ina firamare, kuma ko a lokacin aikina a gona kai fura ne. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Matsalar farko, ƙasa. Mai gidan da muke haya ya shafe tsakar gida da intalok daga ƙofa har bayan kicin, ɗan wurin da ya rage kuma fulawowin uwargida ne, taɓa su daidai yake da neman a kira iyaye. Matsala ta biyu, lokaci. Watan Disamba ne, hunturu ya kankama, ita kuwa rama shukar damina ce, zafi take so. Matsala ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, kunya. Mutumin da ke fita da kwat da jakar kwamfuta, a gan shi tsugune a bakin ƙofa yana shuka rama? Sai na yanke shawarar da duk wani mai digiri biyu zai yanke: na mayar da ɗakin baƙi gona, na rufe, na jefa mukulli a aljihu.

Iri na saya cikin gwangwanin tumatir a wurin wani dattijo a kasuwa. Ƙasa da taki na saya a wurin masu fulawa na bakin titi, na ce wa direba ya shigo da buhunan bayan magariba don kada a gani. Na tattara robobin fenti, robobin yogot da wani tsohon baho, na jera a gindin taga, na cika, na binne iri, na yi bismillah.

Rama ba ta da girman kai wajen tsirowa. Cikin 'yan kwanaki ƙasa ta tsage, kowane tsiro ya fito da 'yan ganyayyaki biyu. Ban taɓa jin irin wannan alfahari ba ko ranar da aka yi mini ƙarin girma a ofis. Daga nan ban ruwa ya zama mini wuridi. In na dawo daga sallar asuba in zuba, kafin in fita aiki in ƙara, in na dawo in ƙara, bayan isha'i in yi musu na kwana. Ruwan burtsatse ma na ga bai dace da martabarsu ba, na koma ba su ruwan roba, irin wanda muke ajiye wa baƙi. A tunanina shuka ruwa take so, mai ba ta da yawa shi ne mai ƙaunarta.

Ashe saiwa ma numfashi take yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙofofi da iska ke zama, kuma in ruwa ya cika su ya tsaya, saiwa sai ta shaƙe ta fara ruɓewa. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, don haka ganye sai ya yi laushi ya sunkuya, daidai yadda yake yi in ƙishirwa ta kama shi. Nan tarkon yake. Ina shiga in ga sun langaɓe, sai tausayi ya kama ni, in ɗauko buta in ƙara musu abin da ke kashe su. Ko ɗaya daga cikin robobin nan ba ta da huda a gindi. Ruwa ya taru, ƙasa ta koma taɓo, wari ya fara tashi, wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka samu gari. Sai kuma wata cuta ta naman gwari, wadda ke son damshi da ɗakin da iska ba ta ratsawa, ta kama su a wuya: kara ya tsuke daidai bakin ƙasa, da safe ka tarar da tsiro kwance. Waɗanda suka tsira kuma suka yi tsawo ba ƙwari, farare sol, duk sun karkata wajen taga suna neman rana, domin labulen da na ja saboda sirri ya hana su haske.

Mutum mai hankali a nan zai tambayi wanda ya san gona. Ni waya na tambaya. Na shiga YouTube na rubuta yadda ake renon tsiro a cikin ɗaki. Abin da ban lura da shi ba da farko, Turawan da suka fi ƙwazo a wannan fanni ba alayyahu suke reno ba. Tun da Kanada ta halatta wiwi a 2018, bayan Uruguay da ta riga kowa a 2013, ga kuma jihohin Amurka da dama, masu shuka ta a ɗaki suka cika intanet da darussa. Na kalli ɗaya ko biyu ina cewa ai tsiro tsiro ne. Shi ke nan, waya ta yanke hukunci a kaina. Ko karatun Alƙur'ani na buɗe, a gefe sai ga wani Bature mai gemu yana shafa ganye yana murmushi. Babban ɗana ya ari wayar zai yi aikin makaranta, ya dawo mini da ita da hannu biyu, bai ce komai ba, amma daga ranar ya fara yi mini kallon abokin sirri.

A can na ga ana kunna wa tsiro wata fitila mai haske ruwan hoda da shuɗi. Na yi oda aka kawo. In an ɗauke wuta cikin dare sai in tashi in tayar da janareta, ni da nake hana yara kallon talabijin saboda tsadar fetur. Na kuma ji cewa lalle roba ta samu huda a ƙasa. Maimakon in yi da rana kamar kowa, sai na bari gari ya yi tsit, na zagaya bayan gida da ƙusa da kyandir ina ƙona gindin robobi. Hayaƙi mai wari ya haura katanga ya sauka gidan maƙwabci.

Hudar nan ta ceci 'yan ƙalilan. Ruwa ya samu hanyar fita, aiki kuma ya yi mini yawa a ofis na rage shiga ɗakin, sai suka farfaɗo. Wato abin da ya fi yi musu amfani a duk hidimata shi ne rashin ganina. Suka yi kore, suka fara tsayi. Ganyen farko faffaɗa ne ba tsaga. Amma da suka tasa, sababbin ganyen sama suka fara rabuwa: uku, biyar, har bakwai, sirara, masu baki irin na zarto.

Yarinyar da ke taya uwargida aiki ce ta leƙa ranar da na manta ƙofa a buɗe. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ta gani ta faɗa wa direban gidan da ke kallonmu. Majalisa ta zauna ta haɗa lissafi. Buhuna suna shiga bayan magariba. Ɗaki a kulle, mukulli a aljihun maigida. Wani irin haske yana fita ta gefen labule har asuba. Hayaƙi mai wari da tsakar dare. Ga kuma ganye mai yatsu. Ruwa ba ya tsami banza. Ko ni aka kawo wa wannan shari'a, da na ɗaure mutumin.

Ni dai na ga canji ban gane ba. Dattijon da muke sahu ɗaya da shi a masallaci ya koma ba ni yatsu biyu in mun gaisa. Samarin da ke zama wajen mai shayi a bakin mahaɗa, waɗanda da ko kallo ban ishe su ba, suka fara miƙewa in na zo wucewa, suna dunƙule hannu. Wata yamma ɗaya daga cikinsu, idanu jajur, ya matso jikin mota ya rage murya.

"Allah ya ja da ran babban yaya. Mun ji labarin aikin da ake yi. In kaya sun nuna a tuna da ƙannai."

Daɗi ya kama ni, na ce ashe dai ana yaba ƙoƙari. Na sauke gilashi sosai, na ɗaga murya yadda har mai shayi zai ji.

"Ku kwantar da hankalinku. In ta yi, duk layin nan sai kowa ya samu, har almajirai. Ni ma likita ne ya ce in riƙa amfani da ita kullum, kuma wallahi tun da na fara nake jin jikina sakayau."

Yaron ya dafe ƙirji ya ce, "Kai, babban yaya, ashe ana tare."

A daren uwargida ta rufe ƙofar ɗaki ta zaunar da ni. Matar maƙwabci ta kira ta, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce a yi haƙuri da jarrabawar miji, kowace mace da irin tata. Na yi dariya har da riƙe ciki. Sannan na ɗauki waya na shiga ɗakin baƙi don in tabbatar wa kaina shirmen mutane. Na buɗe hoton wiwi, na kara da ganyen da ke gabana. Dariya ta tsaya.

Ni fa ban taɓa kallon rama a tsaye da idon basira ba. A kwano na san ta, an dafa an matse an cuɗa da ƙuli-ƙuli. Wa ya tabbatar mini abin da dattijon kasuwa ya zuba mini a gwangwani? Ko shi ma wani ne ya sayar masa? Ban runtsa ba. Na kwana ina karanta doka, abin da ya kamata a hana duk mai hawan jini yi bayan sha biyun dare. Na gano cewa tun 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai shuka wiwi, aka sassauta a 1975. Na karanta cewa an kafa hukumar NDLEA a 1989, kuma dokarta ta kai har ɗaurin rai da rai ga mai noma irin waɗannan kaya. Na tuna tun da Buba Marwa ya karɓi hukumar a 2021 kusan kullum sai an nuna buhuna a labarai, da gonakin da ake ƙonawa a dazukan Ondo da Edo. Na hango kaina a talabijin, a tsugune, allo a wuya, robobin yogot jere a gabana.

Na kuma ci karo da binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a 2019: mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da ƙwaya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha. A nan na daina jin haushin maƙwabta. Duk mai ɗa saurayi a Kano ya san abin da shaye-shaye ya yi wa gidaje, na talaka da na mai kuɗi. Mutumin da ya ji ana noma abin a bayan katangarsa, in ya yi shiru shi ne abin zargi.

Na yi tunanin ɓatar da shaida. In zuba a bola, masu kwasar shara 'yan majalisa ne. In ƙona, hayaƙi ne ya kawo ni nan. In cinye, in kuma ba rama ba ce fa? Ina cikin wannan shawara, washegari bayan isha'i, aka yi sallama. Liman ne, da dattijon nan mai yatsu biyu, wanda tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne, da wakilin mai unguwa. Aka shimfiɗa darduma. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi, aka koma aka sake tambayar iyali. Liman ya yi gyaran murya ya fara nasiha a kan neman halali da yadda zamani ya yi tsanani har mutanen kirki suke zamewa. Bai ambaci sunan komai ba.

"Allah gafarta Malam," na ce, murya tana rawa, "gani ya kori ji. Ku zo ku duba."

Muka shiga ɗaki mu huɗu, hasken fitila ya mayar da fararen rigunanmu ruwan hoda. Dattijo ya sa tabarau, ya fito da wayarsa, ya buɗe hoton da na kwana ina kallo. Ya duba waya, ya duba ganye, ya ce lalle akwai kama. Wakilin mai unguwa ya shinshina daga nesa ya ce shi bai san warinta ba, Allah ya kiyaye. Liman ya ce shi a littafi ya san hukuncinta, bai taɓa ganinta ba. Manyan mutane huɗu, kowannenmu ya ci rama tun yana goye, amma aka rasa mai shaida ta.

Sai ga Baba mai gadi ya shigo da tiren ruwa. Mutumin wani ƙauye ne a yankin Maraɗi, kowace damina sai ya nemi izini ya je ya yi noma ya dawo. Tun da na fara wannan aiki ban taɓa tambayarsa komai ba, shi ma bai taɓa shiga ɗakin ba. Ya ajiye tire, ya kalli robobi, ya tsinki ganye ɗaya ya jefa a baki. Liman ya ce, "A'uzu billahi!" Baba ya tauna, ya yamutsa fuska saboda tsami.

"Rama ce," ya ce. Ya sake duban tsiron, ya juyo gare ni. "Amma Yallaɓai, laifin me ta yi maka?"

Daga nan ya buɗe mana makaranta a tsaye. Ya ce mu shafa karan, za mu ji 'yar ƙaya-ƙaya, haka rama take. Ya ce mu duba ganyen da kyau: yatsun a haɗe suke a gindi, ganye ɗaya ne ya tsattsage, ita kuwa waccan kowane yatsa daban yake fita. Ya ce waccan ko ba ka taɓa ta ba warinta zai gaya maka, wannan kuwa sai tsami a harshe. Da za a bar ta ta girma, in ji shi, fure za ta yi fari mai ɗorawa-ɗorawa da jan ciki, irin na kuɓewa, domin dangi ɗaya ne da kuɓewa da yakuwa da auduga. Ya tura yatsa cikin ƙasar roba ya zaro da laka.

"Ba a ba shuka ruwa don an ga dama, Yallaɓai. Ka sa yatsa. In ka ji damshi ka tafi harkarka. In ya fito a bushe ka ba ta ta ƙoshi, da safe, a gindi, ka bar ta. Sannan wannan fitilar gidan biki ta mece ce? Ga rana Allah ya ba mu kyauta, har ta yi mana yawa."

Dattijo ya mayar da waya aljihu, ya ba ni hannu gaba ɗaya. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan. Don in rage zafin abin, na ba su labarin da na tsinta a daren rashin barcina: a 2014, a jihar Jojiya ta Amurka, 'yan sanda sun hango wata shuka daga jirgi mai saukar ungulu, suka dira gidan wani mutum da karnuka, ashe kuɓewa ce. Na ƙara da cewa masana tsirrai na Turai ma da suka zo raɗa wa rama suna a littattafansu, da wiwi suka danganta ta saboda kamar ganyen. Baba ya saurara da ladabi, ya ce ai Turawa suna da uzuri, su ba su da kaka a ƙauye.

Uwargida ta ce tunda baƙi sun taru, a girbe gonar a yi musu kwaɗo. Aka tsinke duka, aka dafa, aka matse. Abin da ya fito bai cika ƙaramin faranti ba. Aka zuba ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir don ya yi auki, kowa ya samu loma biyu. Tana kwashe kwanuka tana lissafi a bayyane: fitila, fetur, ruwan roba, buhunan ƙasa, da kafet ɗin ɗakin baƙi da ya ruɓe. Ta ce da kuɗin nan da an sayi ramar da za ta cika motar a-kori-kura.

Labari ya isa ƙauye kafin in kai shi. Inna ta kira. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, don haka ta ce a ba ta "wannan na Kano". Ta ce ta ji an ce na shuka rama a kan gado. Na ce a gefen gado ne, Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya jiƙan mahaifina, gara da bai ga wannan rana ba.

Samarin mahaɗa sun daina miƙe mini. Wanda ya nemi a tuna da ƙannai, in ya gan ni sai ya kau da kai, irin na wanda aka ci amanarsa. A majalisa kuwa sunana ya koma Sarkin Noma, kuma na ji har yaran gidan maƙwabta sun ɗauka sarauta ce ta gaske.

Ragowar irin da ke gwangwani Baba ya roƙa na ba shi. Da ruwan Yuni ya sauka, ya watsa shi a wajen katanga, inda yake zubar da ruwan alwala, ya tafi harkarsa. Bai saya mata fitila ba, bai tashi tsakar dare dominta ba. Kafin kaka ta fi ni tsawo. Yanzu gidaje da dama a layinmu a wurinsa suke sayen rama, har da gidana. Na taɓa yi masa ƙorafi cewa farashinsa ɗaya da na Yankaba, alhali iri nawa ne, katanga tawa ce, ruwan alwalar ma daga famfona yake ɗiba.

"Haka ne, Yallaɓai," ya ce, yana ƙirga canji. "Shi ya sa ban sa maka kuɗin makaranta ba."